Ganyen Zogale, Hasken Rana da Ruwan Rini: Siffar Ƙwaya Ce Ke Yanke Hukunci

A 'yan shekarun nan mujallun kimiyya sun cika da rahotannin bincike masu kama da juna kamar an tsaga kara. Mai bincike zai tsinko ganyen zogale ko na darbejiya ko furen zoborodo, ya dafa, ya tace ruwan, ya zuba shi cikin narkakken gishirin zinki, sannan ya ƙona abin da ya kwanta a tanderu har ya zama farin gari. Daga nan sai ya barbaɗa garin cikin ruwa mai shuɗin rini, ya ajiye a rana ko ƙarƙashin fitila, bayan sa'a biyu ko uku ruwan ya washe. Sai a rubuta cewa an samo hanya mai araha, mai tausayin muhalli, ta tsabtace ruwan masana'antu. Ana yin irin wannan aiki a Indiya da Masar da Afirka ta Kudu da Nijeriya, kuma ɗalibai da dama sun sami digiri da shi. Aikin yana da tushe na gaskiya, amma yawancin masu yin sa sun ɗora hankalinsu a kan sunan ganyen, alhali abin da ke tabbatar da ko garin zai yi aiki shi ne siffar ƙwayoyinsa. Muddin ba a mayar da hankali can ba, wannan bincike zai ci gaba da tara takardu, ruwan rini kuwa ya ci gaba da kwarara cikin koguna yadda yake.

Farin garin nan shi ne zinki-oksaid, wato haɗin ƙarfen zinki da iskar oksijin. Ba baƙon abu ba ne. Zinki shi ne ƙarfen da ake shafe kwanon rufi da shi don kada ya yi tsatsa, garin oksaid ɗinsa kuwa yana cikin farin man da ake shafa wa jarirai don zugar fata, yana cikin man kare fata daga rana, kuma masu yin tayar mota ne suka fi kowa amfani da shi. Likitocin Larabawa da na Farisa sun san shi da sunan tutiya, suna kankaro shi daga bangon tanderun narka tama suna haɗa maganin ido. Abin da ke sabo shi ne girman ƙwayoyin. Nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin kashi biliyan na mita, kuma kaurin silin gashin mutum yakan kai nanomita dubu hamsin zuwa dubu ɗari. Ƙwayar da ake kira ta nano ba ta wuce nanomita 100 ba a ɗaya daga ɓangarorinta. Amfanin wannan ƙanƙanta lissafi ne mai sauƙi. Dunƙule mai kusurwa huɗu da kowane gefensa santimita 1 ne yana da fuska mai faɗin murabba'in santimita 6. Idan aka yayyanka shi zuwa dunƙule-dunƙule masu gefen nanomita 10, jimillar fuskokinsu za ta kai murabba'in mita 600. Nauyi bai ƙaru ba, amma wurin haɗuwa da ruwa ya ninka sau miliyan.

A kan wannan fuska ne haske ke yin aikinsa. Idan haske mai isasshen ƙarfi ya sauka a kan ƙwayar, yakan ɗaga ilektiron daga mazauninsa zuwa mataki na sama, ya bar gurbi mai cajin da ke kishiyantar nasa. Gurbin yakan fisge ilektiron daga ruwa, ya haifar da wani sinadari mai tsananin cin abu da ake kira haidiroksil. Shi kuma ilektiron ɗin da ya tashi yakan haɗu da oksijin ɗin da ke narke a ruwa, ya ba da wani mai cin abu na biyu. Waɗannan biyu ne ke kakkarya ƙwayoyin rini, idan aikin ya kai ƙarshe su mayar da su ruwa da iskar kabon-dayoksaid da ɗan gishiri. Ilimin wannan fanni ya bunƙasa ne bayan 1972, shekarar da Akira Fujishima da Kenichi Honda na Jami'ar Tokiyo suka nuna cewa titaniyam-dayoksaid yana iya raba ruwa da taimakon haske. Zinki-oksaid ɗan'uwansa ne a wannan aiki, tazarar da ilektiron zai tsallaka a cikinsa ta kai kimanin ilektiron-bolt 3.3. Ma'anar wannan adadi ita ce ba ya amsa haske sai mai tsawon zango ƙasa da nanomita 380 ko kusa da haka, wato hasken ultarabayolet, wanda bai wuce kashi 5 cikin 100 na hasken ranar da ke isowa ƙasa ba. Bayan haka kuma, mafi yawan ilektiron da gurbi sukan koma su haɗe cikin lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba, ƙarfinsu ya salwanta a matsayin zafi. Kaɗan ne ke isa fuska su yi aiki.

Daga nan maganar siffa ta taso. Kiristal ɗin zinki-oksaid yana girma ne kamar fensir mai gefe shida. Gefuna shidan nan suna ɗauke da zinki da oksijin daidai wa daida, don haka ba su da caji. Amma kan fensir ɗin da gindinsa daban suke: ɗaya ya ƙare da layin zinki zalla, ɗayan da layin oksijin zalla, saboda haka kowannensu yana da caji, yana kuma jan abubuwan da ke cikin ruwa. Idan aka bar kiristal ɗin ya girma yadda ya ga dama, yakan yi tsawo da sauri ta kansa, ya zama sanda ko allura mai dogayen gefuna da 'yan ƙananan kawuna. Idan kuwa wani sinadari ya manne a kan nasa ya hana shi yin sama, sai ya bazu ta gefe, ya zama faifai mai faɗin fuska biyu masu caji. Tsakanin sanda da faifai akwai dunƙule, akwai kuma tarin sanduna da suka tsiro daga cibiya ɗaya kamar fure. Duk sinadari ɗaya ne, amma fuskar da kowanne ke nuna wa ruwa ta bambanta.

A 2009 wasu masana na Jami'ar Okisfod a Ingila, Anna McLaren da Shik Chi Tsang da abokan aikinsu, sun gwada siffofi daban-daban wajen rushe rinin da ake kira shuɗin metilin. Sun tarar cewa faifai mai gefe shida ya fi sanda aiki aƙalla sau 5, suka danganta haka da yawan fuskokin nan masu caji. Tun kafin nan, a 2003, masana a ɗakunan binciken Sandiya na Amurka sun nuna cewa sitiret, gishirin tsamin da ke cikin lemon tsami, yana manne wa kan kiristal ɗin, kuma da rage shi ko ƙara shi ana iya juya sanda ta koma faifai. Akwai kuma bincike da dama da suka ba sanda fifiko a kan dunƙule, bisa dalilin cewa ilektiron yana samun doguwar hanyar gudu daga gurbinsa. Wannan saɓani bai rushe maganar ba, ƙara mata nauyi ya yi. Yana nuna cewa siffa da faɗin fuska da tawayar da ke cikin kiristal duka suna tafiya tare, kuma wanda bai auna su ɗaya bayan ɗaya ba, ba zai iya faɗin wanne ne ya yi aikin ba.

To, mene ne rawar ganye a nan? Rahotanni da yawa sukan rubuta cewa ruwan ganye yana ba zinki ilektiron don ya mayar da shi ƙwaya. An aro wannan bayani ne daga haɗin azurfa da zinariya, inda da gaske sinadaran tsiro ke mayar da narkakken gishiri ya koma ƙarfe. A wajen zinki-oksaid kuwa, cajin zinki bai canza ba tun daga gishiri har zuwa farin gari, saboda haka babu wani ilektiron da ake bukata. Aikin da ganye ke iya yi shi ne irin na sitiret: sinadaransa, kamar masu tsami da masu bauri da masu launi, su riƙe zinki, su manne a wasu fuskoki, su hana ƙwayoyi cuɗewa da juna. Ke nan amfanin ganye kacokan ya koma ga siffa da girma. Rahoton da ya yi ta yabon zogale amma bai nuna hoton ƙwayoyin da madubin ilektiron ba, bai kuma kwatanta su da waɗanda aka haɗa ba tare da ganye ba, bai tabbatar da cewa zogalen ya yi komai ba.

Matsala ta biyu ita ce ganye ba ya tsayawa a kan hali ɗaya. Ruwan ganye tarin ɗaruruwan sinadarai ne, kuma adadinsu yana sauyawa da ƙasar da itacen ya tsiro, da shekarunsa, da lokacin tsinka, da ko a inuwa aka shanya ko a rana, da daɗewar dafuwa. Zogalen da aka tsinka a lambunan Maraɗi da damina ba lallai ne ya ba da abin da na Tamale ya bayar da rani ba. Duk mai yin kwaɗo ta san ganyen damina da na rani ba ɗanɗanonsu ɗaya ba. Idan siffa za ta iya ninka aiki sau 5, kuma siffar ta dogara da ruwan da ke canzawa daga tukunya zuwa tukunya, to sakamakon da aka samu yau ba shi da tabbacin dawowa gobe. Kimiyya kuwa ba ta karɓar abin da wani ba zai iya maimaitawa a wani gari ba. Kama da wane ba ta wane.

Sai kuma kalmar kore da ake laƙaba wa wannan haɗi. A 1998 Paul Anastas da John Warner suka tsara ƙa'idoji 12 na kimiyyar haɗa sinadarai mai kiyaye muhalli. Amfani da abin da ke sake tsirowa, kamar ganye, ɗaya ce kawai daga cikinsu. Sauran sun haɗa da rage shara tun daga tushe, da rage cin makamashi, da guje wa abubuwa masu guba. Idan aka auna haɗin ganye da waɗannan, sai a ga gishirin zinki daga masana'anta yake fitowa, kuma sau da yawa ana ƙara soda mai ƙuna don garin ya kwanta. Ana wanke shi da ruwa mai yawa da barasar ɗakin gwaji. Sannan a sa shi a tanderu mai zafin digiri 400 zuwa 600 na sa'o'i, inda sinadaran ganyen kan ƙone ƙurmus, idan kuma gishirin naitiret aka yi amfani da shi, ya saki hayaƙi mai guba. Inda wutar lantarki ba ta tsayawa, janareta ne mai shan dizal ke ɗaukar wannan nauyi. A gefe guda kuma, an daɗe da sanin yadda ake tsirar da sandunan zinki-oksaid cikin ruwa a zafin da bai kai digiri 100 ba, ba tare da ganye ko tanderu ba. Masanin nan Roger Sheldon ya kawo ma'auni mai sauƙi tun farkon shekarun 1990: a raba nauyin sharar da aka samar da nauyin abin da aka haɗa. Da wuya a ga wannan lissafi a rahotannin haɗin ganye, alhali shi ne zai nuna ko sunan kore ya dace.

Gwajin da ake dogaro da shi ma yana da rauni. Shuɗin metilin, wanda Heinrich Caro ya fara haɗawa a Jamus a 1876, ya zama abin gwajin kowa saboda yana da araha kuma dusashewarsa tana da sauƙin aunawa. Amma launinsa yana iya ɓacewa ta hanyoyin da ba rushewa ba ne. Yana iya manne wa garin kawai, ya bar ruwa ya koma jikin ƙwaya. Yana iya shan hasken da ido ke gani da kansa, ya miƙa wa ƙwayar ilektiron, har a zaci ƙwayar ce ta amsa wannan haske. Bunsho Ohtani na Jami'ar Hokaido da abokan aikinsa sun yi gargaɗi kan haka tun 2006. Yana kuma iya karɓar ilektiron ya koma marar launi, iska na taɓa shi shuɗin ya dawo. Masu rini a karofi sun fi kowa sanin irin wannan hali, domin zanen da aka tsamo daga ruwan baba yakan fito da kore-kore, sai ya sha iska yake zama shuɗi. Washewar ruwa ba ta nufin guba ta tafi. Wasu rinin zamani na dangin azo, idan aka karya su rabi aka bari, sukan ba da sinadarai marasa launi waɗanda cikinsu akwai masu haddasa ciwon daji, kuma wannan ne ya sa Tarayyar Turai ta hana wasu daga cikinsu a tufafi a 2002. Ruwan da ya washe a ido yana iya fin mai launin haɗari, tun da mai launin ko ba komai yana gargaɗin mai shirin sha.

Ruwan da ake son tsabtacewa kuwa bai yi kama da na kwalbar gwaji ba. A Bamako, matan da ke rina shaddar da ake sayarwa har kasuwannin Yamai da Kano suna haɗa rini da soda mai ƙuna da garin haidirosalfait, ragowar kuma takan bi magudana zuwa Kogin Neja. A Kano ruwan masana'antun Sharaɗa da Challawa da Bompai yana shiga rafukan da manoman rani ke ban ruwa da su. Irin wannan ruwa yana da duhun da ke tare haske, da gishirin da ke cinye haidiroksil kafin ya isa ga rini, da sinadarin da ke shanye oksijin. Shi kansa zinki-oksaid yana narkewa a ruwa mai tsami, yana kuma narkewa a ruwa mai tsananin soda, har ma gurbin da haske ya haifar yakan ci jikin ƙwayar ya saki zinki. Narkakken zinki guba ne ga kifi da ƙananan halittun ruwa. Idan aka zuba garin nano a ruwa ba a tanadi hanyar kwashe shi ba, an cire rini an zuba ƙarfe, an gudu ba a tsira ba.

Masu kare wannan bincike suna da hujjar da ta cancanci a saurara. Sukan ce ɗakin gwajin da ba shi da kuɗin sayo tsararrun sinadarai daga waje yana da ganye a bakin ƙofa, kuma ɗalibin da ya haɗa ƙwaya da hannunsa ya koyi abin da allo ba zai koya masa ba. Sukan ƙara da cewa ƙasashen Sahel suna da rana fiye da Turai nesa ba kusa ba, ga shi kuma cibiyar binciken hasken rana ta Almeriya a Sifen ta shafe shekaru tun daga 1990 da wani abu tana tsabtace gurɓataccen ruwa da rana cikin bututun gilashi. Duk wannan gaskiya ne. Sai dai ƙarancin kuɗi dalili ne na a yi tsimi wajen zaɓar tambaya. Ɗakin da ba zai iya biyan hoton madubin ilektiron sau goma ba, bai kamata ya kashe kuɗinsa wajen gwada ganye na ɗari da ɗaya don kawai ba wanda ya taɓa gwada shi ba. Gara ya ɗauki tsiro ɗaya da aka san abin da ke cikinsa: lemon tsami mai sitiret, ko tsamiya mai tsamin tatarik, ko bagaruwa mai baurin da majema suka daɗe suna jima da shi. Ya auna yawan wannan sinadari, ya rage ya ƙara, ya ga yadda sanda ke komawa faifai. Wannan tambaya ce da amsarta za ta yi amfani a Zindar kamar yadda za ta yi a Garwa.

Akwai kuma abubuwan da ya kamata malami mai duba aikin ɗalibi, da editan mujalla, su nema kafin su sa hannu, kuma yawancinsu ba sa cin kuɗi. A haɗa gari ba tare da ganye ba a gwada shi gefe da gefe da na ganye. A ajiye kwalba ɗaya a duhu da gari a ciki, wata a haske ba gari, don a ware mannewa da dusashewar rini da kansa. A kwatanta da garin zinki-oksaid na kasuwa, ko da P25, garin titaniyam-dayoksaid ɗin da masana suka mayar ma'auni. A raba saurin aiki da faɗin fuska, don a san ko siffa ce ta yi aikin ko ƙanƙanta ce kawai. A gwada sinadari marar launi kamar finol tare da rini. A maimaita haɗin sau uku da ganyen lokuta daban-daban. A yi amfani da gari ɗaya sau biyar a jere, a auna zinkin da ya narke a kowane zagaye. Daga ƙarshe a ɗebo ruwa daga magudanar masu rini a gwada, ko da sakamakon zai zo da kashi 30 maimakon kashi 95 da ake son gani a takarda. Ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare.

Hanyar da ta fi alamar kai wa ga amfani ita ce a daina barbaɗa gari a ruwa, a tsirar da ƙwayoyin a jikin wani abu da za a iya ɗagawa, kamar gilashi ko tayil ko ragar ƙarfe, ruwa ya gangara a kansa siriri ƙarƙashin rana. Wannan yana rage faɗin fuska, amma yana kawar da wahalar tacewa, kuma a nan ma siffa ce ke magana, domin yadda ƙwayoyin suka tsaya a jikin tayil shi ke nuna wace fuska za ta kalli ruwa. Mai rini a Bamako da manomin alayyafo a gefen rafin Jakara ba su da bukatar sanin sunan ganyen da aka dafa. Abin da zai amfane su shi ne faranti ko kwatami da zai yi aiki iri ɗaya yau da gobe, a ruwa mai soda da gishiri, ba tare da ya bar musu zinki a cikin kifi da kayan miya ba. Ɗalibin da ya tsayar da bincikensa a kan yadda tsamin lemo ko baurin bagaruwa ke juya sanda zuwa faifai, ya kuma rubuta abin da ya faru a ruwan magudana ba tare da ƙari ba, shi ne ya matsar da aikin kusa da su.